Wadda Ta Buɗe Taga

Arini, 9 ga Oktoba, 1987

Tanti Olimpia,

Ina sumbatar hannunki. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki. Ni ce Aglaia, 'yar yayarki Smaranda. Na faɗi haka ne don rabonki da ni ina 'yar shekara tara, yanzu kuwa ina da ashirin da ɗaya, ina da miji, ga ciki wata biyar. Mijin Toader ne, ɗan gidan masu injin niƙa, wanda kika taɓa saukowa da shi daga kan itacen tuffanmu da tsintsiya. Bai ƙara wayo sosai ba, amma yana da kirki. A gidan Mama muke zaune.

Mama ba ta san na rubuto ba. Adireshinki a bayan hoton marigayiya Kaka na same shi, da rubutun hannunta.

Zuciyar ce dai, Tanti. Da ina hawa tudun coci in huta sau ɗaya, yanzu sai na huta sau huɗu. Idan zan kwanta sai da matashi uku, in ba haka ba numfashi ya tsaya min a wuya. Likitan gunduma ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya ce wata ƙofa da ke cikin zuciyata ta ƙuntata, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, cikin kuma ya ƙara mata kaya. Ya ce a Bukarest ne ake da masu duba irin wannan. Na ce ina da ƙanwar uwa da ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani babban asibiti a can. Ya ce, “To me kike jira?” Na rasa yadda zan gaya masa cewa shekara goma sha biyu ke nan ba a ambaci sunanki a gidanmu ba.

Na san abin da ake faɗa. Kin ɗauke ni a jirgin ƙasa zuwa kasuwar idin Waliyyi Ilie, zafi ya dame mu, kika buɗe taga alhali ƙofar tarago a buɗe take, kurent, wato iskar da ke bi tsakanin taga da ƙofa, ya ratsa ni, bayan kwana huɗu gwiwoyina suka kumbura, daga nan sanyin ya sauka a zuciya. Har yaran da aka haifa bayan tafiyarki sun san labarin. Idan uwa za ta hana ɗanta taɓa taga sai ta ce, “So kake ka zama Aglaia?” Ni kuwa abin da na riƙe na ranar nan shi ne alewar da kika saya min, da yadda iska take kaɗa min gashi ina ihu. Ban ƙara yin rana mai daɗinta ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko ki sama min likitan, ki ba ni wurin kwana biyu. Na biyu, in Allah ya sauke ni lafiya, ke nake so ki riƙe min jaririn a coci ranar baftisma. Ina so ki dawo gida.

Ina sake sumbatar hannunki. Allah ya tsare ki.

'Yarki,
Aglaia

*

Bukarest, 17 ga Oktoba, 1987

Aglaia 'yata,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa. Ki gaida min Toader, ki ce masa tsintsiyar tana nan. Sau uku na karanta takardarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, har maƙwabciyata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ki zo. Na yi magana da Likita Pamfil, mai duba zuciya, zai gan ki ranar uku ga Nuwamba. Ki biyo jirgin safe, ki taho da duk takardun asibitin da kike da su. Ɗakina a hawa na shida yake, na'urar hawa benen kuma ta mutu tun bara, amma maƙwabciyar ƙasa ta yarda ki kwana wurinta. Ki zo da rigar sanyi mai kauri, ba a kunna mana ɗumi sai an ga dama.

Zancen riƙe jariri kuwa, kada ki sa rai. Ranar jana'izar kakarki na zo har bakin ƙofar gida, uwarki ta fito da baƙin ɗankwali ta ce, “Kin gama aikinki a gidan nan.” A bayan shinge na tsaya aka wuce da uwata. Ban ga laifinta ba. Ni na buɗe tagar. Wata tsohuwa a taragon ta ce in rufe, na yi mata dariya, ina 'yar shekara goma sha tara, gani nake na fi kowa wayewa. Ni da bakina na fara faɗar laifina, a kan bencin asibitin gunduma, kina ciki kina kukan gwiwa.

Ni ba likita ba ce, kwalabe nake wankewa, ina shirya farantan da ake renon ƙwayoyin cuta a kai. Amma na ji likitoci suna cewa irin ciwonki daga maƙogwaro yake farawa, kurent kuma camfin tsofaffi ne. Na ji da kunne kawai. Ranar da na iso hutu lafiyarki ƙalau na same ki, kina tsalle a kan tarin ciyawa. Na fita da ke lafiya, na dawo da ke da ciwo, kuma babu likitan da ya taɓa iya cire min wannan daga rai.

Zan tsaya a tasha da jan ɗankwali don ki gane ni. Na tsufa fiye da shekaruna.

Allah ya kawo ki lafiya.

Tantinki,
Olimpia

*

Arini, 26 ga Oktoba, 1987

Olimpia,

Gaisuwa irin wadda Allah ya wajabta tsakanin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Muna nan yadda kika bar mu.

Toader ba ya iya riƙe magana. Kwano ɗaya na miyar wake na zuba masa ya zazzage min komai, har da jan ɗankwalinki. Ban hana Aglaia zuwa ba. Da likitan a bayan duniya yake, da na goya ta na kai ta. Amma ki saurare ni da kyau, tunda wancan karon ba ki saurari kowa ba.

A jirgi ta zauna nesa da taga. Na toshe mata kunne da auduga, na ba ta mayafin ulu biyu, kada ki ce ta cire don 'yan birni za su yi dariya. Kada ta sha ruwan sanyi. Kada ta zauna a kan siminti. In kika shiga ɗaki da ita ki rufe ƙofa kafin ki taɓa wani abu. Na haɗo ta da cuku da zuma da garin masara. Nata ne, ba naki ba, amma in ya yi saura kada ki zubar.

Na ji wai tana so ki riƙe mata jariri. Yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Ke kin tafi birni kin sa farar riga. Ni na zauna da ita. Ni na yi mako shida a kan bencin asibiti. Ni na hana ta rawa ranar aurenta, tana kallon ƙawayenta daga kan kujera kamar baƙuwa. Shekara goma sha biyu ina ɗora kunnena a bayanta ina jin zuciyar tana gurnani. Tagar ɗakinta da hannuna na buga mata ƙusa na toshe gefenta da tsumma, tun ranar ba ta ƙara buɗuwa ba. Ubanta ya mutu yana tambayata ko yarinyar za ta yi tsawon rai, na ce masa za ta yi, ban san ko ƙarya na yi masa ba.

Don haka ki kai ta wurin likita, ki dawo min da ita. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan.

Allah ya ba kowa abin da ya dace da shi.

Smaranda

*

Bukarest, 12 ga Nuwamba, 1987

Aglaia 'yata,

Ina gaishe ki, ina fata kun isa gida lafiya, jirgin bai wahalar da ke ba. Kwana takwas ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Da farko abin da likita ya ce, kada ki manta. Farar ƙwaya ɗaya da safe, ƙaramar kuma rabi. Ban da gishiri, ko da uwarki za ta ce abinci ya zama na marasa lafiya. Ban da ɗaukar guga. A asibitin gunduma za ki haihu, ki je mako biyu kafin lokaci. In kin murmure, cikin watan Mayu za a yi miki aiki a buɗe ƙofar nan da ta ƙuntata.

Sai abin da ya hana ni sukuni. Kin tuna da ya tambaye ki, “Kafin gwiwoyin su kumbura, kin yi ciwon maƙogwaro?” Kika ce, “Na yi mana. Ai don na warke ne Mama ta bar ni na bi Tanti kasuwa.” Ya ce, “An yi miki allura?” Kika ce tsoho Gavril na ɗakin shan magani ya ba uwarki kwalabe goma, a riƙa kai ki kullum ana yin ɗaya. An yi uku. Kina ta kuka, ga yankan ciyawa ya kama, ga ɗakin maganin a ƙetaren kogi. Sai ta ɗaura miki tuwon masara mai zafi a wuya, ta shafa miki barasar gida, ta ce kin warke. Kina faɗa kina dariyar tuwon. Ni kuwa ban taɓa jin wannan labari ba.

Da aka fita da ke awon zuciya, sai ya jawo wata mujallar waje da ya aro, duk ta sha hannu. Ya nuna min layi biyu na haruffa, ɗaya a saman ɗaya. Ya ce ƙwayar da ke kawo ciwon maƙogwaro tana lulluɓe da wani furotin, shi kuwa furotin kamar duwatsun ado ne da aka jera a zare. Layin sama jerin na ƙwayar ne, na ƙasa kuma jerin da ke cikin naman zuciyar mutum. Ya sa yatsa a wani wuri ya ce in duba. Sun yi kama ƙwarai, harafi bayan harafi. Ya ce sojojin jini suna haddace wannan jeri don su kashe ƙwayar. In aka bar ta ta daɗe a maƙogwaro, a jikin wasu yaran sai sojojin su gama da ita, bayan mako biyu ko uku su juya su tarar da irin jerin nan a gwiwa da zuciya, su far musu.

Na ce, “Kamar Ursu.” Ya ce, “Wa?” Ke ba ki san Ursu ba. Karenmu ne muna yara. Wani ɓarawon tumaki mai rigar fata da jan ɗinki ya taɓa fasa masa kai da sanda. Bayan shekara kakanki ya sayo irin rigar nan a kasuwa, ya shigo gidansa yana taƙama, Ursu ya yage masa cinya. Kare bai yi hauka ba, gida yake tsaro.

Na ce, “Likita, tagar fa?” Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, “Olimpia, shekara nawa kina wanke min faranti? Da kin buɗe duk tagogin jirgin har da rufinsa, ba abin da zai ƙaru. Ranar da kuka hau jirgin nan aikin gama ya riga ya gama.” Na ce, “Da an cika alluran goma fa?” Ya mayar da tabarau ya ce, “Mai yiwuwa da ba mu taɓa sanin sunanta ba.”

Na ɗauka in ranar nan ta zo zan yi murna. Ban yi ba. Fushi nake yi, Aglaia, irin wanda ban san ina da shi ba. An binne uwata ina bayan shinge. Mutum biyu sun nemi aurena na ƙi, don ban yarda da hannuna a kan ɗan kowa ba. Shekara goma sha biyu ina shiga jirgi cikin zafi ina jiƙewa da gumi, in wani ya miƙa hannu wajen taga gabana ya faɗi. Duk a kan kwalabe bakwai da yankan ciyawa.

Zan rubuta wa uwarki. Na ga ya kamata ki fara sani.

Ki kula da kanki. Allah ya ba ki sauƙi.

Tantinki,
Olimpia

*

Arini, 21 ga Nuwamba, 1987

Tanti,

Ina sumbatar hannunki. Mun iso lafiya, ina shan magani, Toader ya ɓoye gishiri a rumbu shi ma ya manta inda ya sa.

Tun a ofishin likita na gane. Ba ni da karatu mai zurfi, amma na ga fuskarki lokacin da na ce uku. Duk hanyar dawowa ina ta juya abin, har auduga ta faɗo daga kunnena ban sani ba.

Don girman Allah kada ki rubuta mata.

Na san abin da nake roƙo ba adalci ba ne. An zalunce ki, kuma a kaina aka yi, ina jin kunyar haka. Amma ki duba. In kin gaya mata, ke za ki sauke kayan, ita za ta ɗauka, ita kuwa ba ta da birnin da za ta tafi. A nan za ta zauna, da ni a gabanta ina haki, da rijiyar da mata ke taruwa, da cocin da kowa ya san kujerarta. Kin san Mama. Bakinta ne kaifi, cikinta ba ƙarfi. Tun da na dawo ba ta bar ni na ɗauki ko cokali ba. Ita ke faskare, ita ke tatsar saniya, ita ke wanke min ƙafa da ruwan ɗumi tana zagin ƙafar don ta kumbura.

Sannan akwai abin da likita bai faɗa a gabana ba, amma na ji shi a jikina. In abin ya zo da ƙarar kwana, wa zai riƙe jaririn? Toader ko ɗan akuya aka ba shi sai ya kira taimako. Mama ce. Ina so ta riƙe shi da hannun da ba ya rawa.

Ranar da na dawo ta tambaye ni, “Me likitan ya tambaye ki?” Na ce, “Abin da nake ci da yadda nake kwana.” Ta ce, “Shi ke nan?” Na ce, “Shi ke nan.” Ta dube ni ta daɗe, sannan ta fita ba wa kaji hatsi, alhali ta riga ta ba su.

Ni na san ba ke ba ce, Tanti. Yanzu mun zama mu biyu, da likita uku. Na san bai kai garin Arini yawa ba, amma shi ne abin da nake da shi. Zancen baftisma kuwa ban janye ba, ki bar ni da ita.

Ki yafe min. Allah ya saka miki.

'Yarki,
Aglaia

*

Bukarest, 18 ga Disamba, 1987

Yaya Smaranda,

Ina gaishe ki, ina yi muku barka da Kirsimeti mai zuwa. Na gode da cuku. Ya yi saura, ban zubar ba.

Na rubuta miki wata takarda mai shafi shida. Ranar da na gama ta aka ɗauke mana gas, na hura gawayi da ita na dafa shayi. Wannan gajera ce.

Na aiko da magani na wata biyu ta hannun direban motar katako. Kada ya yanke ko kwana ɗaya, ko da kin ga ta ji sauƙi. Na maimaita, Yaya, ko da kin ga ta ji sauƙi. Ki duba ƙafafunta kullum da safe. In kika danna yatsa ramin ya zauna, ko leɓenta ya yi duhu, ko ta yi tari da kumfa, kada ki jira komai, kada ki ɗaura mata komai, a nemi mota a kai ta gunduma.

Akwai magana ɗaya da na san daga bakina ba za ta yi miki daɗi ba. Likita ya ce tana buƙatar iska. Ɗakin nan da murhu a ciki da taga a toshe, numfashin ma mai lafiya da ƙyar yake samu. Ki buɗe mata kaɗan da rana, ko faɗin tafin hannu, ki rufe ƙofa in kina tsoron kurent. Ba ni na ce ba, likita ne. In kina so in sa shi ya rubuto da hatiminsa, zan sa shi.

Na gan ta kwana biyu kawai, amma na ga renonki. Tana da ladabi, tana da dariya, ta iya magana da manya. Ta tsaya a gaban likita babba tana ba shi labarin Toader har ya share hawayen dariya. Na yi kewar shekarun da ban gani ba, ba zan ɓoye miki ba.

Ba na neman komai a wurinki. Ki sanar da ni in ta sauka.

Allah ya raba su lafiya.

Ƙanwarki,
Olimpia

*

Arini, 10 ga Fabrairu, 1988

Olimpia,

Gaisuwa. Aglaia ce ta ce in rubuto, hannunta ba ya riƙe alƙalami.

Ta sauka ranar ashirin da tara ga Janairu a asibitin gunduma. Mace ce, ƙarama, amma muryarta ta kai ta mai tallan kifi. An sa mata Paraskiva, sunan uwarmu. Hancin Toader ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Sun so su riƙe Aglaia, ta ce ita gida take so. Kwana uku ke nan da dawowarmu. Ba ta da kyau, Olimpia. A zaune take kwana. Ƙafafun sun kai yadda kika faɗa, sun wuce. Magani bai yanke ba ko kwana ɗaya, ki gaya wa likitanki. Likitan gunduma ya zo jiya ya ƙara mata wani, ya ce a yi ta lallaɓawa har Mayu. Da zai fita bai dube ni a ido ba.

Zancen taga, ashe ba ki daddara ba. Ke da taga sai Allah. Ana dusar ƙanƙara har gwiwa, ga mai jego, ga jaririya, ki ce in buɗe? In ta ce iska take so, tawul nake ɗauka in yi mata fifita har hannuna ya gaji, in sauya ɗayan.

Limamin coci ya ce a yi baftisma da wuri tunda yarinyar ƙarama ce. Matar ɗan'uwan Toader ta riga ta sayi kyandir da farin zane. 'Yar taki ta kafe. Ta ce, “Sai Tanti ta zo.” Na ce, “Hannun da ya buɗe taga ba zai riƙe min jika ba.” Ta ce, “To Mama, sai ta yi ta zama ba baftisma har ta yi furfura.” Numfashin da za ta ci abinci da shi ba ta da shi, amma na yi min gardama yana nan. Ke kuma ban ce ki zo ba.

Ki yi mata addu'a in har a birni ana yi.

Smaranda

*

Bukarest, 1 ga Maris, 1988

Yaya,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ban san yadda ake yin ta ba. Saƙon Toader na waya ya iso ranar da za a binne Aglaia. Allah ya ji ƙanta, ya ba ta wuri mai haske, ya ba ki haƙuri.

Da na so, da jirgin rana ya kai ni kafin a watse. Na je tasha na dawo. Ban so ki fito bakin ƙofa a ranar da kike binne 'yarki ki ƙara da aikin korata ba. Na kunna mata kyandir a nan. Likita Pamfil ya ce in gaya miki ya yi baƙin ciki, ya riga ya sa sunanta a jerin watan Mayu.

Ni na buɗe tagar, Yaya. In kina buƙatar wanda za ki zaga, ga ni, na saba, ba zai min ciwo kamar da ba. Ki yi wa Paraskiva baftisma, duk wanda kika ga dama ya riƙe ta. Aglaia ba za ta yi fushi ba, ba ta iya ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma kada ki tambaye ni dalili. Duk ranar da yarinyar nan ta yi ciwon maƙogwaro, ki kai ta ɗakin shan magani. In sun ce allura goma, a yi goma, ko tana kuka, ko ciyawa za ta ruɓe a gona.

Ba zan ƙara damun ki da takarda ba. Allah ya raya abin da ta bari.

Ƙanwarki,
Olimpia

*

Arini, 14 ga Maris, 1988

Olimpia ƙanwata,

Ina gaishe ki.

Da hantsi ranta ya fita. Mata suka ce a buɗe taga rai ya sami hanya, kamar yadda ake yi wa kowa. Ta ƙi buɗuwa. Sai da Toader ya kawo awartaki ya cire ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya, 'yata tana kwance tana jira.

Ba sai na tambaye ki dalili ba. Kwalaben nan bakwai suna ƙasan akwatin aurena, a cikin safa. Tun wancan lokaci likitan gunduma ya tambaye ni ko ta yi ciwon maƙogwaro, ko an cika allura. Na ce masa an cika. Na fito na same ki a kan benci kina kuka kina cewa ke ce, sai na bar ki da shi.

Jiya Lahadi na tsaya a ƙofar coci na faɗa, da kwalaben a hannuna. Kowa ya ji.

Sadakar arba'in Asabar ta ƙarshen wata ce. Washegari baftisma. Ban ce ki yafe min ba. Ki zo ki riƙe ta.

Jaririyar tana ɗakina, ke a na Aglaia za ki kwana. Ki zo da rigar sanyi mai kauri, ban rufe tagar ba.

Yayarki,
Smaranda